Kwafin agogo mai turbiyon na jaka 650: in saya ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, shadda da atamfa nake sayarwa. Ina da aboki mai zuwa Gwanju ta ƙasar Sin sayo kaya, ya turo mini bidiyon agoguna biyu ta WhatsApp. Ɗaya kwafin Patek Philippe ne mai turbiyon, wato ɗan kejin nan mai juyawa a cikin injin, da hoton wata da kalandar da ya ce ba a taɓa gyara mata kwanan wata, jaka 650, wato sefa dubu 650. Ɗayan kwafin Rolex Daytona ne, jaka 450. Ya ce ba irin jabun bakin titi ba ne, lamba ɗaya ne, injinsa irin na asali sak, ko Bature mai sana'ar sai ya buɗe kafin ya gane. Ni dai injin ne ya tafi da hankalina, ina son agogon da ba ya cin batir. Don Allah ku ba ni shawara. Kuɗin ya dace da kayan? Zai daɗe? In ya lalace akwai mai gyara a nan arewa?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, so kake ka san ko tsadar kwafi tana sayo ƙarko, kuma ko yawan kayan da aka cusa wa injin ƙari ne gare ka ko kuwa ƙarin jidali. In za ka bi tawa, kada ka zuba jaka 650 a wannan Patek ɗin. Maganar Daytona ta ɗan sha bamban, zan zo kanta. Gyaran agogo nake yi a Garwa tun ina saurayi, irin waɗannan kuwa suna zuwa teburina, galibi bayan sun riga sun tsaya.

Bari mu fara da abin da ke cikin agogon da ba ya cin batir. Sifirin ne naɗe cikin ɗan gwangwani, ka murza kan agogon ko motsin hannunka ya ɗaure shi, shi kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali ta cikin wilai masu haƙora har ya kai ga balans, wato ɗan wilin nan mai kai da komowa. A yawancin injunan zamani balans yana bugawa sau 28,800 a awa, takwas ke nan a kowace daƙiƙa, sau 691,200 a wuni da kwana. Duk wannan aiki a kan ɗigon mai yake tafiya, ɗigon da sai da gilashin ido ake ganinsa, a cikin ramukan jajayen duwatsun nan da ake ƙerawa. Mai ya bushe, ko ƙura ta shiga, aiki ya tsaya. Kuma ka sani tun yanzu, ba don daidaiton lokaci ake sayen irin wannan agogo ba. Ma'aunin da hukumar COSC ta Suwizalan ke ba agogo shaida da shi ya yarda ya yi latti da daƙiƙa 4 ko ya yi gaba da daƙiƙa 6 a rana. Casio F-91W ɗin da ɗalibai ke ɗaurawa kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Ana sayen na inji ne don sha'awar sana'ar da ke ciki, kuma sha'awa ce mai kyau, ita ta zaunar da ni a kan wannan teburi.

Ina kuɗin kwafi ke tafiya

Abokinka bai yi maka ƙarya ba da ya ce akwai daraja-daraja. Akwai na jaka 5 da ake yawo da shi a tire a tasha, akwai kuma wanda aka yi wa jiki da ƙarfe mai kyau, gilashin da ba ya karcewa da sauƙi, nauyi daidai da na asali, rubutu tsaf. Amma ka lura da inda aka kashe kuɗin: duk a wurin da ido da kyamara ke kaiwa ne. Mai sayen kwafi hoto yake ɗorawa kusa da hoto, don haka mai ƙera shi ma nan yake zuba ƙoƙarinsa. Abin da ba ya fitowa a bidiyo, wato tsabtar ɗakin da aka haɗa injin, da irin man da aka sa da yawansa, da zaman da ma'aikaci zai yi yana daidaita balans ta fuska biyar ko shida, da gwajin ruwa, nan ake yanke hanya. Kai mai shadda ne, ka fi ni sanin wadda ke ɗaukar ido a kanti, ta shiga ruwa sau ɗaya ƙyallin ya bi kumfa.

Wani Alhaji daga Kusuri ya taɓa kawo mini nasa, kwafin wani babban suna, mai gilashi a baya. In ka leƙa sai ka ga inji mai zane-zane, da duwatsu jajaye, da rubutun zinariya. Da na kwance sukurori sai farantin ya ɗago gaba ɗaya. Ashe ado ne kawai aka rufa a kan ƙaramin inji na yau da kullum, duwatsun da ke saman ma manna su aka yi, ba abin da ke juyawa a cikinsu. Ɗaya ya ɓalle ya faɗa tsakanin haƙora, shi ne ya tsayar da agogon. A ƙarƙashin farantin na tarar da shatin yatsa da ɗan ɓurɓushin ƙarfe, ramuka biyu a bushe ƙarau, wani kuma mai ya yi masa yawa har ya malala zuwa siririn sifirin balans. Abin dariyar shi ne wannan ƙaramin injin da aka ɓoye don kunya, shi kaɗai ne abin kirki a agogon. Na wanke shi, na sa mai, na bar farantin adon a waje, ya tashi.

Wannan agogo mai hannu uku ne da kwanan wata. Yanzu ka ƙiyasta irin wannan sakaci a injin da aka ɗora wa ƙarin wilai da maɗaukai masu yawa, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya motsa a kan lokaci.

Turbiyon, kalanda da hoton wata

Turbiyon ƙirƙirar Abraham-Louis Breguet ce, ya yi mata rajista a Faransa a 1801. A zamanin agogon aljihu ake yi, wanda ke wuni a tsaye cikin riga, nauyin ƙasa yana jan balans ta gefe guda, lokaci ya riƙa karkacewa. Sai ya sa balans da abin da ke sakinsa cikin ɗan keji mai juyawa, yawanci sau ɗaya a minti, domin kuskuren wannan gefe ya goge na wancan. A wuyan hannu kuwa, da yake hannu ba ya zama wuri ɗaya, amfaninta kaɗan ne. Yau nuna gwaninta ce kawai.

A kasuwa abu biyu ake kira turbiyon. Mafi yawa rami ne aka huda a fuskar agogo don ka ga balans yana rawa, wanda kowane agogon inji yana da shi, rufe shi kawai ake yi. Na biyu turbiyon ce ta gaske ƙirar Sin, don kamfanoni irin su Seagull na birnin Tianjin suna yin ta, suna kuma sayar da ita da sunansu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Rarrabe su ba wuya. Ka ce wa abokinka ya ɗauko maka bidiyon minti ɗaya cur ba yankewa. In kejin gaba ɗaya ya zagaya ya dawo inda ya fara, turbiyon ce. In wilin yana ta kai da komowa a wuri ɗaya, rami ka saya.

Akwai kuma abin da dillalai ba sa faɗa, wataƙila su ma ba su sani ba. Galibin agogunan Patek Philippe masu turbiyon ba sa nuna ta a fuska, a baya take, kalmar kawai ake rubutawa a gaba. Rolex kuwa ba ya yin turbiyon sam. Saboda haka sau da yawa agogon da ake ce maka "sak da na asali" ba shi da na asalin ma, zane ne wani ya ƙaga ya liƙa masa suna. Wanda ya san agogo daga nesa zai gane, wanda bai sani ba kuwa ko na jaka 20 ka ɗaura bai san bambanci ba. To wa aka saya wa?

Kalandar da ya ce ba a gyarawa ita ce mai sanin watan da ke da kwana 30, da mai 31, da Fabrairu mai 28, da kuma 29 ɗin da ke zuwa bayan shekara huɗu, ba ta neman hannu sai shekara ta 2100 in dai agogon bai tsaya ba. A cikinta akwai faifan da ke cika zagayensa sau ɗaya a shekara huɗu. Na asali daga Patek ya haura sefa miliyan 50. A yawancin kwafin da na buɗe, hannun wata da na shekara ba su haɗu da komai ba sai 'yan maɓallan da ke gefen agogo, kai ne za ka riƙa dannawa da tsinke duk ƙarshen wata. Gwajinsa: a sa shi a 30 ga Afirilu, a juya hannu ya wuce sha biyun dare. In ya tsallaka 1 ga Mayu, watan ma ya canza da kansa, to akwai magana. In ya nuna 31, an gama.

Hoton wata shi ma haka. Na gaske faifai ne mai haƙora 59 ɗauke da wata biyu, kowanne kwana 29 da rabi, yana matsawa haƙori ɗaya a rana. Da yake watan sama ya ɗara haka kaɗan, bayan shekara biyu da wata bakwai ko takwas sai an gyara shi da kwana ɗaya. Na bogi kuwa rana da wata aka zana, yana zagayowa kowace awa 24, dare da rana kawai yake nunawa. Ko na gasken ne ma dai kada ka ce da shi za ka ɗauki azumi, wannan aikin masu duban wata ne.

Ko da an ci duk waɗannan gwaje-gwajen, tsorona bai tafi ba. Irin waɗannan injuna suna da lokacin da ba a taɓa musu kwanan wata, daga wajen tara na dare zuwa uku na asuba, don a lokacin haƙoran canjin sun riga sun kama. Dannawa ɗaya a wannan tsakani tana karya haƙori. A agogo mai kamfani sai a yi odar wilin da lambarsa. A kwafi, wa za ka rubuta wa?

Maganar Daytona

Daytona kironograf ne, wato agogo mai awon tsere, ka danna ya tashi, ka danna ya tsaya, ka danna na ƙasa ya koma sifili. Daga shekara ta 2000 Rolex ya sa masa injinsa na gida mai lamba 4130, mai riƙe ƙarfi awa 72, a 2023 kuma ya sabunta shi zuwa 4131. Na ƙarfe sabo a kantin kamfani yana wajen sefa miliyan 10, in ma an same shi.

Kwafinsa iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tafiya. Tsohon salo yana amfani da kwaikwayon Valjoux 7750, injin Suwizalan na shekarun 1970, jarumin inji in aka bar shi yadda aka tsara shi. Matsalar ita ce hannun daƙiƙarsa a wajen ƙarfe tara yake, na Daytona kuwa a ƙarfe shida. Don su mayar da shi can sai su ɗora ƙarin wilai a saman injin, sau da yawa ba duwatsu ba isasshen mai. Agogon ya yi kauri, ƙarfin sifirin ya riƙa ƙarewa a hanya, wilan su cinye kansu. Waɗannan su suka fi zuwa mini a mace. Za ka gane shi da kaurinsa, da kuma wata girgiza da za ka ji a wuyan hannu idan faifan ɗaurinsa, wanda motsin hannu ke juyawa, ya wulwula, don ta gefe ɗaya kawai yake ɗaure sifirin.

Sabon salo kuwa sun kwaikwayi tsarin 4130 ɗin kansa. Gaskiya ɗaya ce, waɗannan suna aiki, kuma in aka wanke su aka sa musu mai yadda ya kamata suna iya tafiya. Su ne mafi dama-dama a duk abin da ake kira kwafi. Sai dai daga Marwa ba ka da hanyar sanin wanne za a sa maka a kwali. Bidiyon na agogo ɗaya ne, abin da zai iso na iya zama wani. Ba takardar garanti, masana'antun ba su da adireshi, sunan da suke amfani da shi bana ba lalle ka same shi baɗi ba. Kuɗi kuma ka riga ka tura ta waya. Ranar da aka samu matsala, ba da wani kamfani za ka yi rigima ba, da abokinka za ka yi.

Ƙasarmu ba ta raga wa agogo

Wannan ɓangaren masu bidiyo ba su san shi ba, don ba a nan suke zaune ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Marwa da Garwa da Injamena yana haura digiri 40. Zafi yana tsinka mai ya gudu daga inda aka ɗiga shi, yana kuma busar da zoben robar da ke tare ruwa. Hunturu ya zo da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, mai laushin da ke shiga inda ruwa ma bai shiga ba. Ta haɗu da mai ta zama abin da ke goge ƙarfe a hankali.

Sai alwala, sau biyar a rana. An rubuta mita 100 a fuskar agogon, amma rubutun ma kwafi ne, ba wanda ya gwada. Kironograf yana da ƙofofi uku a gefe, kan murzawa da maɓallai biyu, Patek ɗinka kuma kowane ɗan maɓallin kalanda ƙofa ce. Ruwa kaɗan ya isa. Alamar farko hazo ne a ƙarƙashin gilashi, musamman in ka fito daga mota mai sanyi zuwa rana. In ka ga haka kada ka kwana, don tsatsa ba ta jira. Ga babur a kan hanyoyinmu, ga wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kusuri ya san abin da jiki ke sha, balle kejin turbiyon da nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Ga maganaɗisun da ke cikin lasifika da murfin waya, wanda ke sa zaren sifirin balans ya manne, agogo ya riƙa gudu da mintoci a rana. Wannan na ƙarshen dai gyaransa minti ɗaya ne ga mai na'urar cire shi.

Wa zai gyara

Masu teburin agogo a kasuwanninmu akasari batir da maɗauri da gilashi suke canzawa, kuma suna yi da kyau. Dattawan cikinmu sun san Seiko 5 da Orient da Citizen ciki da waje. Amma akwai masu tsoma inji ɗungurungum cikin fetur, su busar, su ɗiga man keken ɗinki. Agogon zai tashi a gabanka ka biya, bayan 'yan watanni ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Kada ka bar kowa ya yi wa agogonka haka, na asali ne ko kwafi.

Ni ina karɓar injunan Seiko da Miyota da dangin ETA 2824 da 7750, don akwai kayansu, in abu ya gagara a sauya injin gaba ɗaya. Turbiyon ba na karɓa. In ƙafar kejin ta karye ba ni da inda zan samo wata, ba kuma zan riƙe kayan mutum in yi ta yi masa gobe-gobe ba. Wuraren gyara na kamfanonin kansu kuwa, a Dubai ne ko a Turai, ba sa taɓa jabu.

Kada kuma ka manta da hukuma. Kamaru da Chadi duk suna cikin OAPI, ƙungiyar kare alamun kasuwanci mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Shigo da kaya masu alamar jabu da sayar da su laifi ne, 'yan duwan, wato kwastan, na iya kamawa a Duwala, kuɗinka ya bi ruwa. In kana tafiya Faransa, can ko na ɗaurawarka ne suna iya ƙwacewa su ci ka tara. Ranar da ka gaji da shi kuma, ba shi da kasuwa. In ka faɗi gaskiya ba mai ba ka ko rabin kuɗinka, in ka ɓoye ka yi algus, ka kuwa san abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa a kan mai algus. Hukuncin ɗaura shi kansa, da na ruwan zinariyar da ake shafa wa wasu ga namiji, wannan ka kai wa malamai, ba fagena ba ne. Abin da na sani a fagena shi ne gumin bazara yana cinye wannan ruwan zinariya tun daga gefen maɗauri.

Abin da zan yi da kuɗin in ni ne

Ka ce injin ne ya tafi da hankalinka, ba sunan ba. In haka ne an huta. Akwai kironograf ɗin Seagull da ake kira 1963, mai injin ST19, wanda asalinsa Venus 175 ne na Suwizalan da Sin ta sayi kayan ƙera shi a farkon shekarun 1960 don agogon matuƙa jiragen sojanta. Da hannu ake ɗaure shi, akwai mai gilashi a baya, ka danna maɓalli ka ga maɗaukai suna motsi a gabanka, ba farantin ado. Kuɗinsa bai kai na Daytona ɗin abokinka ba ko kusa, kuma shi ma a can Sin ɗin zai samo maka. Shi ma ba ya son ruwa, ka cire kafin alwala. In agogon yau da kullum kake so mai jure wahala, Seiko 5 ko Orient. In kuma lalle sai ɗan Suwizalan, jaka 650 ta isa ta saya maka Tissot na gaske mai injin Powermatic 80, mai riƙe ƙarfi awa 80, da katin garantinsa. Sai dai ka saya a kantin da kamfanin ya amince da shi, don su ma waɗannan ana yi musu jabu, ana kuma yi wa tsofaffin Seiko sabon fenti a sayar a matsayin sababbi.

In kuma zuciya ta nace sai kwafin, ban ba ka shawara ba, amma ka rage asara. Ka ɗauki mai hannu uku da kwanan wata kawai, wanda aka faɗa maka sunan injinsa a fili, Miyota 9015 ko dangin 2824. Kada ka biya duka sai ya iso hannunka. Ya iso kuma kada ka ɗaura, ka kai a buɗe, a wanke, a sa mai, a duba robobi, a ɗora shi a na'urar awon bugu. In an ɗaure shi ya cika yana kwance fuska sama, lafiyayyen balans yana lilo tsakanin digiri 270 zuwa 310. In ya gaza 220 tun yana sabo, akwai ciwo a ciki. Ka sa kuɗin wannan aiki cikin lissafinka tun farko.

Duk abin da na faɗa a kan waɗannan biyun daga bayaninka na ɗauko shi, hukuncin ƙarshe sai an cire murfin baya. Ka sa abokinka ya turo bidiyon minti ɗaya na kejin, da na tsallakar 30 ga Afirilu, da hoton injin Daytona ɗin a buɗe tare da awon kaurinsa. In ya turo, ka miƙo mini in duba kafin ka tura ko dala. In kuwa mai kantin ya ƙi yarda a ɗauka, ka ce wa abokinka ya bar masa kayansa.